Hutun Da Ya Rufe Bakin Gandhi

Ranar 2 ga Oktoba ta shekarata ta farko a Indiya, tun kafin rana ta yi zafi aka tara mu a filin makaranta, aka raba wa manyan baƙi tsintsiyoyi sababbi fil, wasu ma ba a ɓamɓare musu takardar farashi ba. An jingine hoton wani tsoho mai tabarau a kan kujera, an rataya masa furanni har sun kusa rufe masa fuska. Da aka gama jawabai sai manyan suka jeru, kowa ya riƙe tsintsiyarsa kamar sandar girma, suka share busassun ganyaye na iya tsawon lokacin da mai ɗaukar hoto yake bukata. Aka tafa, aka raba alawa, aka watse. Ni kuwa na san inda ganyayen nan suka fito, domin da asuba, ina dawowa daga salla, na ga matar da ke share mana harabar ɗakunan kwana tana zazzage su daga buhu a daidai wurin. Da la'asar kuma ita ce ta dawo ta kwashe su, haɗe da ledojin alawa da furannin da suka zube. Duk faɗin ƙasar ana hutu ran nan, ban da ita.

Wannan ita ce ranar da Indiyawa ke kira Gandhi Jayanti, wato zagayowar ranar haihuwar Mohandas Karamchand Gandhi, wanda aka haifa a garin Porbandar na yankin Gujarat a 1869. Indiya ƙasa ce mai bukukuwa ba adadi, kowane addini da kowace jiha da nata, amma ranakun hutu na ƙasa baki ɗaya uku ne kacal: 26 ga Janairu, ranar da ta zama jamhuriya, da 15 ga Agusta, ranar samun 'yancin kai, sai kuma wannan, wadda ita kaɗai ce aka keɓe wa mutum guda. A ranar ana rufe ofisoshi da bankuna da makarantu, ana hana sayar da giya, shugaban ƙasa da firaminista su je Raj Ghat da ke bakin kogin Yamuna a Delhi, inda aka ƙone gawarsa, su zuba furanni a kan wani baƙin dutse. Tun daga 2007 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta mayar da ita ranar duniya ta ƙin tashin hankali.

Sau uku na ga wannan biki da idona, kuma abin da na zo faɗa ba zai yi wa masu shirya shi daɗi ba. Hutun nan, a yadda ake gudanar da shi, cin amanar mutumin ne. An ɗauki wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana karya dokar hukuma da gangan, da rana tsaka, an wanke shi tas, an mayar da shi gunkin ladabi da biyayya, irin wanda kowane mai mulki zai so a rataye a bayan kujerarsa. Fuskarsa ce a jikin takardun kuɗin ƙasar tun 1996, sunansa ne a kan manyan tituna a kusan kowane birni, amma duk wanda ya kuskura ya yi aiki da hanyarsa yau, kulkin 'yan sanda ne ke tarbarsa.

Ɓarnar daga kalma take farawa, kuma mu Hausawa muna cikin waɗanda suka fi sauƙin faɗawa tarkon. Idan aka ce mana ga wani bawan Allah da ya kori Turawa ba tare da ya ɗaga makami ba, nan da nan sai zuciyarmu ta tafi ga haƙuri. Mu ne masu cewa haƙuri maganin zaman duniya, mu ne masu cewa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, kuma sau da yawa mai cin zali ne ya fi kowa iya jawo waɗannan karin magana. Gandhi kuwa bai yi haƙuri irin wannan ba ko na yini guda. Sunan da ya laƙaba wa hanyarsa tun yana Afirka ta Kudu shi ne satyagraha, wanda ma'anarsa ita ce riƙo da gaskiya ƙam-ƙam. A aikace yana nufin ka zaɓi dokar da ka tabbata zalunci ce, ka sanar da hukuma rana da wurin da za ka karya ta, ka karya ta a bainar jama'a, sannan ka tsaya ka karɓi duka da ɗauri ba tare da ka rama ko ka gudu ba. Shi da kansa ya rubuta a 1920 cewa in har zaɓi biyu ne kawai suka rage wa mutum, ragwantaka ko faɗa, to gara ya yi faɗan. Ban taɓa jin an karanta wannan a taron furanni ba.

A dubi abin da ya faru a 1930. Turawan Ingila sun mallake sana'ar gishiri a Indiya da doka, suka ɗora masa haraji, har ya zama laifi ne talakan da ke zaune a bakin teku ya tsinci gishirin da rana ta busar masa a ƙofar gida. Gandhi ya rubuta wa Lord Irwin, wakilin Sarkin Ingila a Indiya, wasiƙa ranar 2 ga Maris yana shaida masa abin da ya ƙudurta. Ranar 12 ga wata ya fito daga mazauninsa na Sabarmati da ke Ahmedabad, yana ɗan shekara sittin, da sanda a hannu da mutum 78 a bayansa, ya kama hanyar Dandi da ƙafa. Tafiyar mil 240 ce, kuma da gangan ya ja ta har kwana 24, yana yada zango ƙauye-ƙauye yana magana da mutane, domin ya ba 'yan jarida da duniya lokacin su juyo su kalla. Da safiyar 6 ga Afrilu ya sunkuya a bakin teku ya damƙi dunƙulen ƙasa mai gishiri. Kafin shekarar ta ƙare an ɗaure mutum fiye da dubu sittin. Wannan dabarar yaƙi ce ta mutumin da ya karanta lauya a Landan, wanda ya san cewa gishiri ne abin da Musulmi da Hindu, mai kuɗi da matsiyaci, duk suke sa wa a tukunya, kuma ya san cewa kurkuku yana da iyakar mutanen da zai iya ɗauka.

Abin da ya biyo baya ya fi wannan tsanani. Bayan an kama shi a farkon Mayu, mabiyansa suka nufi ma'aikatar gishiri ta Dharasana ƙarƙashin jagorancin Sarojini Naidu. Ranar 21 ga Mayu suka riƙa matsowa sahu-sahu, 'yan sanda na fasa musu kai da sanduna masu bakin ƙarfe, ba wanda ya ɗaga hannu ko don kare fuskarsa. A kwashe waɗanda suka faɗi, wani sahun ya matso. Wani ɗan jaridar Amurka, Webb Miller, ya ƙirga mutum 320 da suka jikkata a asibitin wucin gadi, labarinsa ya zaga duniya. Wata guda kafin nan, a kasuwar Qissa Khwani ta Peshawar, sojoji sun buɗe wuta a kan mabiya Khan Abdul Ghaffar Khan, Musulmi 'yan ƙabilar Pashtun waɗanda duniya ta sani da bindiga da ɗaukar fansa, amma suka yi rantsuwa ba za su rama ba, suka kuma cika rantsuwar a gaban harsashi. Mai karatu ya auna wannan da shara ta minti biyar a gaban kyamara.

Tun kafin gishiri ma ya nuna irin mutumin da yake. A watan Maris na 1922 aka gurfanar da shi a Ahmedabad bisa sashe na 124A na dokar laifuffuka, sashen da ya haramta cusa wa jama'a ƙiyayyar gwamnati. Bai musanta ba. Ya gaya wa alƙali cewa abin da doka ke kira laifi shi a wurinsa wajibi ne, ya kuma ba shi zaɓi: ko ya ajiye aikinsa, ko ya yanke masa hukunci mafi tsanani. Aka ba shi shekara shida. To, wannan sashe na 124A da Turawa suka saka a 1870, Indiya mai 'yanci ta riƙe shi shekara saba'in da biyar tana tuhumar ɗalibai da 'yan jarida da shi, sai a watan Mayu na 2022 Kotun Ƙoli ta dakatar da aiki da shi. Wato a duk tsawon shekarun nan, hannun da ke zuba furanni a Raj Ghat shi ne ke riƙe da bulalar da aka zane Gandhi da ita.

Kada a ce na tsaya kan tsohon tarihi. A watan Nuwamba na 2000 jami'an tsaro suka harbe fararen hula goma a wata tashar mota a Malom, jihar Manipur. Wata budurwa mai suna Irom Sharmila ta shiga yajin cin abinci, tana neman a soke dokar 1958 wadda ta ba sojoji ikon harbi da kame a yankunan da aka ayyana masu rikici, ta kuma kare su daga tuhuma. Asalin dokar nan wata doka ce da Turawa suka ƙirƙira a 1942 don murƙushe yunƙurin Gandhi na ƙarshe na korarsu. Me hukuma ta yi da Sharmila? Ta tuhume ta da yunƙurin kashe kanta, ta tsare ta a ɗakin asibiti, aka riƙa ɗura mata abinci ta hanci, ana sakinta ana sake kamawa, har shekara goma sha shida. A watan Oktoba na 2006 ta samu ta isa Delhi, ta je Raj Ghat ta ajiye furanni, ba a yi kwanaki ba aka sake kama ta. Da Gandhi ne ya yi azuminsa a ƙarƙashin wannan gwamnati, ashe da an zura masa roba a hanci.

Sai kuma 2 ga Oktoban 2018, ranar da aka buɗe bukukuwan shiga shekara ta 150 da haihuwarsa. Dubban manoma sun taso daga Haridwar tun 23 ga Satumba, da ƙafa da taraktoci, suna neman a biya su bashin rake da masana'antun sukari suka riƙe musu, a kuma sassauta musu basussuka. Da safiyar da manya ke sunkuyar da kai a Raj Ghat, a kan iyakar Delhi da jihar Uttar Pradesh an tare waɗannan manoma da motocin feshin ruwa da barkonon tsohuwa, tsofaffi da dama suka jikkata. Sai da dare ya raba aka buɗe musu hanya. Haka kuma a 2024, Sonam Wangchuk da mutanensa suka yi wata guda suna tattaki daga Leh, can cikin duwatsun Ladakh, da nufin su isa Raj Ghat a ranar ta 2 ga Oktoba, aka tsare su a ƙofar birni daren 30 ga Satumba. Mutane sun yi daidai abin da tsohon ya yi, sun taka da ƙafa, ba makami, sun sanar da inda za su, amma a ranar tunawa da shi su ne abin tsoro.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba amsar banza ba ce. Za a ce Gandhi da baƙin haure ya yi jayayya, waɗanda ba wanda ya zaɓe su, alhali yau akwai majalisa da kotu da akwatin zaɓe, saboda haka toshe hanya da yajin cin abinci sun zama neman tilasta wa masu rinjaye. Wanda ya fara faɗin wannan ba ƙaramin mutum ba ne. Dakta Ambedkar, shugaban kwamitin da ya tsara kundin mulkin ƙasar, ya gargaɗi majalisa a watan Nuwamba na 1949 cewa tunda an samu hanyoyin tsarin mulki, ya kamata a ajiye salon bijire wa doka, domin zai iya haifar da rashin tsari. Ina girmama wannan ra'ayi. Amma wanda ya yarda da shi sai ya fito fili ya ce hanyar Gandhi ta gama aikinta a 1947, ya daina rantsuwa da ita kowace shekara. Ba a cin biyu, wai a yabi tattakin Dandi da safe a fesa wa masu tattaki ruwa da hantsi. Kuma akwai abin da ya fi wannan: gwagwarmayar Gandhi ta ƙarshe da gwamnatin 'yan'uwansa ya yi ta.

Nan ne hutun ya fi yin shiru. Ranar 15 ga Agustan 1947, lokacin da Nehru ke ɗaga tuta a Delhi, Gandhi ba ya wurin. Yana Kalkata, a wani tsohon gida a unguwar Beliaghata, yana azumi yana kaɗi, yana ƙoƙarin hana Hindu da Musulmi yanka juna, bayan ya shafe watanni yana bin ƙauyukan Noakhali da ƙafa saboda irin wannan fitina, inda a can Hindu ne aka fi kashewa. An raba ƙasa biyu, mutane fiye da miliyan goma sun bar gidajensu, dubban ɗaruruwa sun mutu. Ranar 13 ga Janairun 1948, yana da shekara 78, ya shiga azuminsa na ƙarshe a Delhi. Ya nemi a mayar wa Musulmi masallatan da aka mamaye, a ba su damar zama lafiya a birnin. Ya kuma matsa a biya Pakistan rupi miliyan 550 da suka rage cikin kasonta na baitulmali, kuɗin da gwamnatin Nehru da Patel ta riƙe saboda yaƙin Kashmir. Gwamnati ta saki kuɗin, shugabannin al'ummu suka sa hannu a kan alkawari, ya sha ruwan lemo ranar 18 ga wata. Kwana biyu bayan haka aka tayar da bam a wurin addu'arsa. Ranar 30 ga Janairu Nathuram Godse, ɗan kishin Hindu, ya tare shi a harabar gidan Birla ya ɗirka masa harsashi uku, kuma ya shaida wa kotu da bakinsa cewa ya kashe shi ne domin yana fifita Musulmi.

Haihuwa kowa yana iya yi mata biki, domin jariri bai ɓata wa kowa rai ba. Ranar kisan kuwa shiru na minti biyu ake yi mata, kowa ya koma bakin aikinsa, ba a cika son a faɗi dalilin kisan ba. Da ana faɗinsa, da dole a yi maganar 1984, lokacin da aka kashe mabiya addinin Sikh kusan dubu uku a Delhi bayan kisan Indira Gandhi (wadda ba ta da dangantakar jini da shi, suna ne kawai ya zo ɗaya), a ƙarƙashin mulkin jam'iyyar Congress mai tinƙaho da gadonsa. Da dole a yi maganar 2002, lokacin da aka ƙone mahajjatan Hindu 59 a jirgin ƙasa a Godhra, aka bi da kisan mutum fiye da dubu, akasarinsu Musulmi, a Gujarat, mahaifarsa. Na jero su biyun ne da gangan, don kada wani ya ɗauka jam'iyya ɗaya nake nufi. A 2019 wata 'yar takara, Pragya Thakur, ta kira Godse ɗan kishin ƙasa ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe. An tilasta mata neman afuwa, firaminista ya ce ba zai taɓa yafe mata a zuciyarsa ba, amma mutanen Bhopal suka zaɓe ta da gagarumin rinjaye, ta shiga majalisar da mutum-mutumin Gandhi ke zaune a harabarta.

Zuwa nan mai karatu zai iya zaton waliyyi nake karewa. A'a. Furannin da suka rufe ƙarfinsa su ne kuma suka rufe laifinsa, kuma ni baƙar fata ne, ina da haƙƙi a cikin wannan magana. Kowane yaron makaranta a Indiya ya san an jefo Gandhi daga jirgin ƙasa a tashar Pietermaritzburg a 1893 saboda launin fatarsa. Kaɗan ne aka gaya wa cewa a shekarunsa na farko a can, kukansa shi ne an haɗa Indiyawa da baƙaƙen fata a matsayi ɗaya. Ya yi ƙorafi a kan cewa Indiyawa na shiga gidan waya na Durban ta ƙofa ɗaya da 'yan Afirka. Ya riƙa kiransu da kalmar zagin da Turawan can ke amfani da ita, wadda aka aro daga kalmar kafiri. A 1906, lokacin da Turawa ke murƙushe boren Bambatha na Zulu, ya haɗa ayarin masu ɗaukar waɗanda suka jikkata, ya sa kakin Ingila. Masu kare shi suna cewa a can ɗin Zulun da Turawa suka ƙi taɓawa ya yi jinya, abin da ya gani ya girgiza shi, kuma ra'ayinsa ya sauya da shekaru. Akwai gaskiya a ciki. Kwame Nkrumah ya ari salonsa a yajin da ya kira a Janairun 1950, Martin Luther King ya je Indiya a 1959 domin ganin inda hanyar ta fito, kuma waɗannan ba wawaye ba ne. Duk da haka, da malaman Jami'ar Ghana da ke Legon suka nemi a cire mutum-mutuminsa da shugaban Indiya ya ƙaddamar a 2016, har aka cire shi a Disambar 2018, ban ga laifinsu ba. An kawo musu gunki ne ba tare da an kawo musu tarihin ba. Ni da aka sha kirana da sunan baƙi a kasuwa da cikin mota, na kuma ji yadda aka far wa ɗaliban Nijeriya a Greater Noida a watan Maris na 2017, na san cewa Indiya tana da bukatar jin labarin yadda babban gwarzonta ya fara da raina baƙar fata sannan ya yi ta fama da kansa. Labarin waliyyin da aka haifa cikakke ba ya gyara halin kowa.

Wannan ya dawo da ni ga matar nan mai shara. Ba sai na tambaye ta asalinta ba, domin a Indiya tsintsiya gadon haihuwa ce. Akasarin masu shara da masu kwashe najasa daga al'ummar Dalit suke, waɗanda tsarin ɗabaƙoƙin Hindu ya ajiye a ƙasan kowa, har ake ƙyamar taɓa su. Gandhi ya yaƙi wannan ƙyama, ya wanke masai da hannunsa, ya tilasta wa mabiyansa su yi, har da matarsa Kasturba, wadda abin ya yi wa ciwo ƙwarai. Amma a 1932, da Turawa suka amince Dalit su riƙa zaɓen wakilansu su kaɗai, ya shiga azumin sai-mutuwa a kurkukun Yeravda don a soke. Ambedkar, wanda shi Dalit ne, ya ga cewa in tsohon ya mutu, mutanensa za a bi a karkashe a ƙauyuka, sai ya sa hannu a yarjejeniyar Poona, aka ƙara musu kujeru amma aka haɗa zaɓen. Har ya bar duniya bai daina ganin an yi masa ƙarfa-ƙarfa ba. A nan makamin da aka ƙera don mai ƙarfi an juya shi ne a kan mai rauni, kuma duk mai son Gandhi da gaskiya dole ya haɗiye wannan.

Ranar 2 ga Oktoban 2014 gwamnati ta ƙaddamar da shirin tsabtace ƙasa mai suna Swachh Bharat, ta ɗauki tabaran Gandhi ta mayar tambarinsa. Ba zan yi rowar yabo ba: an gina banɗakuna miliyoyi a ƙauyuka, kuma mace da ta daina jiran duhu kafin ta fita bayan gari ta san amfaninsu fiye da ni. Sai dai a lura da abin da aka zaɓa daga jikin mutumin. An ɗauki tabarau da tsintsiya, an bar sandar Dandi. An haramta kwasar najasa da hannu tun 1993, aka sake ƙarfafa dokar a 2013, amma har yau ana tura mutane cikin ramukan ƙazanta ba abin rufe hanci, iskar ciki tana kashe su. A ƙarshen Satumban 2019, saura mako guda a yi shelar cewa ƙauyukan Indiya sun rabu da bahaya a fili, aka lakaɗa wa wasu yara biyu 'yan Dalit duka har lahira a gundumar Shivpuri ta jihar Madhya Pradesh, saboda an same su suna bahaya a bakin hanya. An yi shelar a ranar da aka tsara.

Ba cewa nake a soke hutun ba. Ma'aikaci ya huta, yara su rera waƙoƙinsu. Abin da nake nema ƙarami ne, shi ya sa na san zai yi wuya. A karanta wa ɗalibai jawabinsa na kotun 1922 da sharuɗɗan azuminsa na 1948, a haɗa musu da abin da ya rubuta a kan 'yan Afirka da abin da Ambedkar ya rubuta a kansa, a bar su su yi gardama. Duk wanda ya taho da ƙafa ba makami a ranar, a buɗe masa hanya ya isa Raj Ghat, ko da ministan da zai zarga yana tsaye a wurin. Wanda kuma ya ga ba zai iya ba, ya ajiye tsintsiyar, ya bar wa mai ita, ya ba ta hutun.

Shi kansa bai so a yi wa haihuwarsa biki ba. Ya fi son mutane su shafe ranar suna kaɗin zare. Sau ɗaya tak ranar ta zagayo masa a Indiya mai 'yanci, wato 2 ga Oktoban 1947, a gidan Birla, Delhi cike da 'yan gudun hijira, ana ta kashe-kashe a unguwanni. Manya suka yi ta zuwa da furanni, saƙonni suka yi ta shigowa daga ƙasashen duniya. Ya wuni yana azumi. Ya tambayi masu taya shi murna ko ba ta'aziyya ce ta fi dacewa ba, ya ce a da yana fatan ya kai shekara 125, amma yanzu ya daina, tunda ya wayi gari yana magana ba mai saurare. Bai cika wata huɗu ba bayan nan aka harbe shi.